Riƙon Tabarmar Auta

Litinin, da hantsi, a shago

Ba kowa a shagon. Na goge gilashin kanta, na jera tabarau na karatu daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, na gyara allon haruffan da ke bango duk da bai karkace ba. Likitan ido sai Laraba yake zuwa, kafin nan daga ni sai ƙudaje.

Sai na buɗe abin nan da Auta ya bar mini a waya.

Ranar da zai tafi, da jaka a kafaɗa, ya karɓi wayata ya yi 'yan danne-danne ya miƙo mini. Ya ce, "Yaya, ki riƙe mini Tabarma mako biyu. Ba wani aiki ba ne. Wanda ya nemi shiga ki buɗe masa, wanda ya yi zagi ki kore shi." Na ce wace tabarma kuma, kai da ko shimfiɗarka ba ka taɓa naɗewa ba? Ya yi dariya. Abokinsa Dogo, da ke tsaye a ƙofa ya sunkuyar da kai don kada ya bugi katakon sama, ya ce su tafi kar mota ta cika. Iyakar abin da na ji ya faɗa ke nan. Dogo ba mai magana ba ne.

Tabarmar Hira, haka sunan zauren yake. Su biyun suka buɗe shi a intanet watannin baya, mutane na shiga suna ɗora labarai, suna gardama a kan finafinai. Mutum sittin da 'yan kai ne a ciki. Ban taɓa leƙawa ba sai yau.

Mako biyun sun wuce.

Ashe akwai waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa suna jiran a buɗe musu. Na buɗe wa kowa, har da wani mai suna Ba Ruwana, wanda hotonsa akuya ce sanye da hula. Ina son in san me ke sa babban mutum ya zauna ya zaɓi akuya.

Litinin, da yamma

Umma ta ce, "Ya kira?" Na ce sabis ɗinsu can ba shi da kyau. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na ci abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Wai ashe haka mutane suke!

Akwai Tsohon Malami. Bai taɓa ɗora labari ko ɗaya ba, aikinsa gyaran rubutun mutane. Wata ta rubuta cewa jarumin fim ɗin jiya ya bata mata rai, ya ce, "'Yata, ɓata ya yi da lanƙwasa. In bata ya yi, to ke ce kika ci riba." Ba wanda ya kula shi, shi kuma bai gaji ba.

Akwai Mai Tanka, direba ne, duk inda ya yada zango sai ya ɗora hoton tayoyinsa ya ce yana gaida jama'a.

Sai Uwar Biyu, wadda ita ce gishirin wurin. Tana rubuta wani dogon labari kashi-kashi, na wata mai gidan haya da ta ba wani baƙo ɗaki. Ya karɓi makulli, ya kulle ɗakin, bai taɓa kwana a ciki ba, amma kullum da safe sai a ga takalmi daban a bakin ƙofar. Yau na mata, gobe na yara, jibi na sojoji. Na karanta kashi takwas a zaune. Wata mata ta shigo a ɗaure mata hannun tabarau, na ɗaure mata shi a juye, sai da ta sa ta ce ƙasa na gudu.

Na wa ne takalman?

Laraba, da safe

Mutum uku sun tambaya ina Shugaba ya shiga. Auta suke nufi. Auta da har yanzu Umma ke ɓoye masa ƙashin miya, wai Shugaba. Na rubuta, "Yana kan tafiya. Yayarsa ce ke riƙe da wurin." Suka yi ta yi mini maraba. Yanzu sunana Yayar Shugaba.

Na kira lambarsa kafin likita ya iso. Matar nan ta kamfanin waya ta ba ni haƙurin da ta saba.

Alhamis, da azahar

Mai Tanka ya kawo ƙorafi. Ya ce shi idanunsa na kan titi daga safe zuwa yamma, in ya tsaya kuma barci ke kwashe shi, an bar shi a baya a kashi na biyar. Ko akwai mai tausayin da zai karanta da murya ya ɗora, ya riƙa saurare yana tuƙi?

Ba wanda ya amsa. Sai na shiga ɗakin baya, inda muke ajiye kwalayen gilashi, na kashe fanka, na tura ƙofa, na karanta kashi na shida. Sau huɗu ina gogewa. Ashe muryata haka take, kamar ta mai mura tana kiran kaji? Shekara da shekaru mutane na jure wannan ba wanda ya gaya mini. A na biyar na rufe ido na tura.

Ya amsa daga wani gidan mai: "Yayar Shugaba, Allah ya biya ki. Amma in mai gidan hayar ce ke magana ki ɗan ƙara masifa."

Juma'a, da yamma

Umma ta ce, "Ya kira?"

Asabar, da hantsi

Maman Dogo ta zo shago. Ta ce wucewa ta zo yi. Gidansu yana can ƙarshen layin masu katako, ba abin da zai kawo ta wucewa ta nan. Na ba ta kujerar da muke zaunar da masu gwajin ido. Ta zauna tana kallon allon haruffa, muka yi hirar tsadar gawayi, da ciwon gwiwarta, da ruwan famfo da bai zo ba. Ba ta tambaya ba, ni ma ban tambaya ba. Da za ta tafi ta ce, "In kin ji wani abu, 'yata." Na ce, "Ke ce farko, Mama."

Dogo kaɗai gare ta.

Bayan ta fita na buɗe Tabarma. An haura ɗari. Mai Tanka ya tura muryar tawa ga direbobi 'yan'uwansa, su kuma suka tura wa matansu. Yanzu akwai Mai Tifa, da Mai Bas, da wata Matar Mai Bas da ta shigo, in ji ta, don ta ga abin da ke hana shi ɗaga wayarta.

Lahadi, bayan abincin rana

Umma ba ta cin abinci sosai kwanan nan. Cokali biyu ta ture kwano. Na rasa abin yi, sai na kunna mata muryata tana karanta labarin takalma. Da farko ta ce in kashe, wai ba ta da lokacin tatsuniyar 'yan waya. Ban kashe ba. Can na ga hannunta ya koma cikin kwanon.

Da aka gama ta ce, "Wannan ai ba aljani ba ne."

A zauren rabin mutane sun ce aljani ne, rabi sun ce ɓarawo.

Na ce, "To mene ne, Umma?"

Ta ce, "Ɗan mai gyaran takalmi ne da ya zama babban mutum a ofis. Yana jin kunyar sana'ar ubansa, amma hannunsa na ƙaiƙayi. Shi ya sa ya kama ɗaki yana zuwa a ɓoye. Ke ba ki ji an ce takalman duk masu sabon ɗinki ba ne?"

Na ɗora abin da ta ce, na rubuta cewa ra'ayin mahaifiyarmu ne. Ko awa ɗaya ba a yi ba Uwar Biyu ta biyo ni ta gefe, inda ba mai gani sai ni da ita: "Don Allah wace ce wannan tsohuwar? Ta kashe ni! Wata biyu ina ɓoyon wannan ƙarshen. Yanzu sai na sake wani."

Na gaya wa Umma. Ta yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarta tun ranar jakar nan.

Talata, da safe

Baban yara yana aske gemu, rediyo na kan taga. Aka zo labaran duniya. Aka ambaci hanyar da masu ƙetara teku ke bi, aka ambaci jirgin ruwa da ya kife, aka fara faɗin adadi. Ya miƙa hannu da kumfa a jiki ya kashe. Muka kalli ƙofar ɗakin Umma. A rufe take.

Ya ce, "Mutane nawa ne ke bin hanyar nan a mako? Ba a ce su ba ne."

Na ce na sani.

Talata, da la'asar

Baban yara ya biya ta ofishin mutumin da ya shirya wa su Auta tafiyar. An cire allon sunan. Mai shagon da ke maƙwabtaka ya ce an kwashe kujeru tun makon jiya.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Wani dattijo ya zo gwajin ido. Tsaf-tsaf da shi, biro biyu a aljihun gaba. Likita ya rubuta masa lamba, na kawo masa tabarau ya gwada. Da ya sa, ya juya ya dubi takardar da na liƙa a ƙofa, wadda na rubuta cewa muna gyaran kananan karaya. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "'Yata, ƙanana da lanƙwasa ake rubutawa. Karayar ce ba ta da ita."

Nan take Tsohon Malami ya faɗo mini a rai. Na bi shi da kallo yana biyan kuɗi, yana ninke rasit gida huɗu. Na so in ce, Baba, ko kana zama a kan wata tabarma? Na kasa. In ba shi ba ne zai ɗauka na zare. In kuma shi ne, to na san yana da tabo a haɓa, kuma idonsa na hagu ya fi na dama rauni, ban san me zan yi da wannan sanin ba.

Yana fita na duba zauren. Tsohon Malami bai ce komai ba duk safiyar. Da rana ya ɓullo ya gyara wa Mai Tifa kalma uku. Wannan ba hujja ba ce. Amma na gyara takardar ƙofar.

Alhamis

Ban buɗe shago ba. Ciwon kai.

Juma'a, da hantsi

Na sa doka uku, domin wurin ya fara zama kasuwa. Ba talla, ba zagi, kuma wanda ya riga kowa kallon fim kada ya faɗi wanda ya mutu a ciki sai an kwana biyu. Wata mai sayar da man gyaran fata ta yi fushi ta fita, ta dawo da wani suna, na gane ta da yadda take jera alamar tambaya uku-uku.

Na kuma raba ranaku. Litinin gajerun labarai, Laraba gardamar finafinai, Asabar kacici-kacici. Matar Mai Bas ta karɓi karatun murya na ranar Litinin, kuma gaskiya ta fi ni iya masifa. Wani mai suna Ɗan Kanti ya kawo shawarar a fara labari ɗaya, kowa ya ƙara jimla guda. Aka fara da wani manomi ya tsinci agogo a gona. Kafin a tashi kasuwa manomin ya auri likita, ya zama matuƙin jirgi, ya mutu sau biyu. Tsohon Malami ya ce bai ga laifin mutuwar ba, amma a riƙa sa aya.

Ban san haka abin yake da daɗi ba. Ka buɗe ƙofa kawai, mutane su shigo da abin da ke cikinsu. Da na ɗauka Auta ɓata lokacinsa yake yi. Sau nawa na ce masa ya ajiye wayar nan ya nemi abin yi.

Ya nema.

Asabar, da rana

Ba Ruwana, mai akuya, ya ɗora hoto. Bakin ruwa ne, da abubuwa a jere an rufe su da bargo. A ƙasa ya rubuta, "Ku daina tambayar Shugabanku. Na ji ta nan suka bi."

Ina cikin ɗaura wa wata yarinya gilashi a sabon firam. Ƙaramin sukurun ya faɗi ƙasa, na durƙusa ina nema, na daɗe a durƙushe. Uwar yarinyar ta ce ko lafiya. Na ce sukurun ne ƙarami.

Na goge hoton. Na kore shi. Garin sauri har na kusa korar Mai Tanka tare da shi. Amma mutane sun riga sun gani. Wurin ya yi tsit, ba labari, ba kacici-kacici. Can Uwar Biyu ta ɗora kashi na sha ɗaya ba tare da ta ce komai ba, alhali ba ranarsa ba ce. Na gane abin da ta yi. Allah ya saka mata.

Na ƙirga barguna kafin in goge. Ban san me ya sa ba.

Lahadi, da safe

Umma ba ta tambaya ba yau. Gara ta tambaya.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Wata ta biyo ni ta gefe. Sunanta a zauren Kuku, ba ta cika magana ba, sai dai ta sa alamar dariya. Ta ce ita tana can, a ƙetaren, shekara shida ke nan. Tana dafa abinci a kicin ɗin wani asibiti da ke bakin ruwa, inda ake kawo waɗanda aka tsamo. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma ita ke tura keken abinci ɗaki-ɗaki. In na yarda in turo mata hotonsa.

Na nuna wa Baban yara da ya biyo ɗaukata. Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Haka suke farawa. Yau hoto, gobe ta ce a turo na magani. Kin san fuskarta? Kin ma tabbata mace ce?"

Ban sani ba. Na koma baya na bi duk abin da ta taɓa rubutawa. Kaɗan ne. Sau ɗaya ta ce wa Uwar Biyu tana sauraren labarin takalma tana yankan albasa, ba ta san wanne ke sa ta hawaye ba. Sau ɗaya kuma ta ce Tabarma ce kaɗai wurin da take jin Hausa a yini. Mai damfara zai zauna ya rubuta wannan tun can baya, yana jirana?

Na tura hoton Auta. Na tura na Dogo ma, wanda suka ɗauka tare a bakin shagona, kan Dogo ya fita daga hoton rabi.

Laraba, da azahar

Ba labari daga Kuku. Likita ya ce na ba wani mutum tabarau na wata mata.

Alhamis, da hantsi

Kuku ta ce akwai wani a ɗaki na sama mai kama da shi, amma fuskar ta kumbura, kuma ba ya magana. Ta ɗauko hoto daga nesa ta turo. Na buɗe shi a ɗakin baya. Na ƙara girmansa har ya dushe.

Ba shi ba ne. Kunnen ba nasa ba ne.

Na yi hamdala, sannan na rasa hamdalar mece ce na yi. Shi ma wannan ƙanin wata ne.

Juma'a, da yamma

An kai ɗari uku. Uwar Biyu ta sake ƙarshen labarinta, yanzu baƙon ɗan sandan ciki ne. Umma ta ce na farkon ya fi, a gaya mata.

Asabar, wajen ƙarfe goma na safe

Baƙuwar lamba, doguwa. Ina tsakiyar yi wa wani bayanin yadda ake goge gilashi. Na ɗaga.

Muryar mace ta ce, "Yayar Shugaba? Kuku ce. Riƙe, kar ki kashe." Na ji ƙarar keke, da kwanuka na karo da juna, da ƙofa. Sai numfashi.

"Yaya."

Na zauna a ƙasa, a bayan kanta. Mai sayen tabarau ya leƙo ta sama, ya ga fuskata, ya ajiye kuɗinsa ya fita a hankali.

An mayar da shi wani gini ne a bayan asibitin, shi ya sa ba ta gan shi da wuri ba. Ya ce ƙafarsa ce, amma likitoci sun ce za ta taka. Wayarsa tana ƙarƙashin ruwa. Ya ce, "Umma fa?" Na ce tana nan, tana gyara wa marubuta labari. Bai gane ba. Muryarsa ta zama ta wani babba da ban sani ba.

Na ce, "Ina Dogo?"

Na ji kwanukan nan suna ta ƙara a bayansa.

Ya ce, "Na riƙe hannunsa, Yaya. Wallahi na riƙe."

Kuku ta karɓi wayar ta ce an zo zagaye, za ta sake kira gobe.

Asabar, da rana

Umma ta yi sujada a tsakar ɗaki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago tana dariya tana kuka, ta ce a dafa abinci da yawa. Sai ta dubi fuskata da kyau. Ta ce, "Shi kaɗai?"

Ta koma ta zauna a bakin gado. Ba a dafa komai ba.

Lahadi

Baban yara ya samo kawun Dogo, suka shiga gaba, ni da Umma muna biye. Ƙarshen layin masu katako. Maman Dogo tana shanya kaya muka same ta. Ta dube mu mu huɗu, ta gama shanya rigar da ke hannunta, ta sa mata maƙali biyu, sannan ta ce mu shigo.

Ba zan rubuta sauran ba.

A hanyar dawowa Umma ta ce, "Na ji kunyar idonta. Nawa yana numfashi."

Talata, da hantsi

Na nemi izinin kawunsa, sannan na rubuta a Tabarma. Layi biyu. Cewa an sami Shugaba yana jinya, kuma Dogo, wanda suka shimfiɗa wannan tabarmar tare, ba zai dawo ba. Na yi kuskuren rubutu har biyu, na gani bayan na tura. Tsohon Malami bai gyara ba. Addu'a ya yi, gajeriya.

Sai wani abu ya faru da ban zata ba. Tsofaffin 'yan zauren suka fara tono abubuwan da Dogo ya rubuta tun farkon buɗewa, can baya inda ban taɓa kaiwa ba. Ashe shi ne mai ba su dariya! Dogon da zai yini a shagona bai haɗa jimla biyu ba. Duk a kan tsawonsa yake yi.

"Ruwan sama ni yake fara duka, sai in sanar da na ƙasa su kwashe shanya."

"Tela ya auna ni, awon ya ƙare a gwiwa, ya ce in dawo gobe a ci gaba."

Suna da yawa. Mai Tanka ya ce ya faka a gefen titi, ba ya ganin hanya. Ni ma ina dariya ina share ido da ƙyallen goge gilashi. Wane ne wannan mutumin? Shekara goma sha yana shiga gidanmu yana cin abincinmu, ban san shi ba.

Alhamis, da yamma

Auta ya kira ta wayar Kuku. Za a dawo da su in ƙafar ta yi ƙwari, ba a sa rana ba. Na gaya masa an kusa ɗari huɗu. Ya ce, "Ki ci gaba da riƙewa, Yaya. Ni ba zan iya buɗewa ba yanzu." Na ce ba gaggawa.

Na tambayi Kuku me zan yi mata. Ta ce in matsa wa Uwar Biyu ta fara sabon labari.

Litinin, da hantsi, a shago

Maman Dogo ta zo. Yau ba ta ce wucewa ta zo yi ba. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ta zauna a kujerar gwaji ta ce, "Kawunsa ya ce wai akwai maganganunsa a cikin wayarki."

Na ce akwai, Mama. Na jawo kujera kusa da ita zan karanta mata. Ta ɗaga hannu.

"A'a. Ba ni in gani da idona. Na yi makaranta, 'yata, ido ne ya gaji."

Ta riƙe wayar nesa, ta kawo kusa, ta girgiza kai. Na tashi na ɗauko tiren tabarau na karatu. Na farko ya yi mata rauni. Na biyu ta ce haruffan na iyo. Na uku na ɗora mata a hanci, na gyara hannayen a bayan kunnenta, sai ta gyaɗa kai.

Ta sa yatsa a ƙarƙashin layin tana bi, tana furtawa a hankali kamar 'yar aji ɗaya.

"Uwata... in za ta yi mini faɗa... sai ta ce in zauna tukuna... in ba haka ba... faɗan sai washegari... yake isowa kunnena."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa daga ciki, har wayar na neman faɗuwa. Ta ce, "Ɗan banza! Wallahi haka nake ce masa. Zauna, ka yi mini tsawo." Ta cire tabarau ɗin ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar da shi da kanta.

Ta ce, "A gida fa sai in yi ta magana ni kaɗai. Ashe nan yake kawo bakinsa."

Wani ya turo ƙofa yana neman a gyara masa firam. Na ce ya dawo da yamma. Na juya takardar ƙofa, na kunna mata fanka.

Ta ce, "Da saura?"

Na ce, "Da yawa, Mama. Wata biyar yana rubutawa."

Ta gyara zama, ta cire takalmanta, ta ce in kai ta na farkon.